Wanne Ke Gaba, Wanne Ke Baya? Labarin Kalmar Dispositio

Duk wanda ya taɓa zama a ajin koyon wa'azi, ko a makarantar Littafi Mai Tsarki ko a ɗan kwas ɗin da akan shirya wa masu bishara, ya san zanen nan da malami yakan yi a allo: gabatarwa a sama, kawunan magana uku a tsakiya, kammalawa a ƙasa. Mun haddace shi har wasu suna zaton a cikin Littafi Mai Tsarki aka umarta a yi haka. Ba ya ciki. Gado ne daga lauyoyin Helenawa da na Romawa, waɗanda da yawa daga cikinsu sun mutu tun ba a haifi Almasihu ba. Suna da sunan da suke kiran wannan aiki na sa kowace magana a wurinta. Da harshen Latin, sunan shi ne dispositio.

Abin da ya sa ya kamata mu bi sawun kalmar shi ne, rabin gadon ne kaɗai ya iso hannunmu. Mutanen da suka ƙago zanen sun faɗa da bakinsu cewa tsarin magana iri biyu ne. Akwai wanda ake koya daga littafi, akwai kuma wanda mai magana yake yanke shawararsa bayan ya dubi mutanen da ke gabansa. Na farkon muka riƙe. Na biyun, wanda su suka fi ba shi daraja, ya zube a hanya. Sakamakon kuwa ba ɓoyayye ba ne: mai wa'azi ya kwana yana bincike, abin da ya tara gaskiya ce tsantsa, amma kafin ya kai kan magana ta biyu rabin majami'a na gyangyaɗi, waɗanda ba su yi barci ba kuma in sun koma gida ba sa iya faɗin abin da aka yi wa'azi a kai.

Asalin kalmar

Kalmar gutsure biyu ce. Dis yana nufin rarrabe, ponere kuma ajiyewa. Wato a ɗauki abubuwan da ke jibge wuri ɗaya, a ajiye kowanne a nasa muhalli. Malaman balaga na Roma sun kasa aikin mai jawabi kashi biyar. Da fari ya nemo abin da zai faɗa, sa'an nan ya tsara shi, ya zaɓi kalmomin da za su dace, ya haddace, daga nan ya tsaya gaban jama'a ya isar da murya da motsin jiki. Dispositio ita ce ta biyu.

Romawa kansu aro suka yi. Bisa ga labarin da Helenawa suka bari, abin ya soma ne a Sirakusa, a tsibirin Sisili, garin nan da jirgin Manzo Bulus ya tsaya kwana uku a kan hanyarsa ta zuwa Roma. Wajen shekara ta 466 kafin haihuwar Almasihu aka kori azzalumin mai mulkin garin, sai mutane suka cika kotuna suna neman gonakin da aka ƙwace musu. Kowa da kansa yake tsayawa gaban masu shari'a. An ce wani mai suna Koraks da almajirinsa Tisiyas ne suka fara koya wa mutane yadda za su soma, da yadda za su ba da labari, da yadda za su rufe. Ke nan tun farko ba maganar ado ba ce. Wanda ya hargitsa bayaninsa gonarsa ce ta tafi.

Helenawa sun kira abin taxis, kalmar sojoji ce, ma'anarta jan dāgar yaƙi. Ita ce Bulus ya yi amfani da ita a 1 Korintiyawa 14:40, inda ya gargaɗi ikilisiyar da kowa ke magana a lokaci ɗaya. Aflatun ya kwatanta jawabi mai kyau da jikin mai rai, da kai da gangar jiki da ƙafafu, ya kuma yi wa jawabin wani lauya ba'a domin ana iya sauya wuraren sassansa ba tare da an yi hasarar kome ba. Wannan gwaji ne mai zafi, kuma har yau yana aiki. Ɗauki takardar wa'azi, ka mai da kan magana na uku ya zama na ɗaya. Idan babu abin da ya lalace, to, jeri aka yi, ba tsari ba. Almajirinsa Aristotal ya fi shi taƙaitawa. Shi a ganinsa abu biyu ne kawai suka zama tilas: ka faɗi abin da kake da'awa, ka kuma kawo hujja.

Sassa shida

Littafin Latin mafi tsufa da ya iso mu cikakke a kan wannan ilimi shi ne Rhetorica ad Herennium, wanda aka rubuta wajen shekara ta 85 kafin haihuwar Almasihu. An daɗe ana jingina shi ga Sisero, shahararren lauyan Roma, amma daga baya masana sun gane ba nasa ba ne. Littafin ya raba jawabi kashi shida. Exordium ita ce shimfiɗa, aikinta ta sa mai sauraro ya natsu ya kuma saki jiki da mai magana. Narratio ita ce ba da labarin abin da ya faru, a gajarce, a sarari, ta yadda hankali zai ɗauka. Divisio ita ce a nuna inda aka yarda da juna da inda aka saɓa, a kuma lissafa abubuwan da za a taɓa. Daga nan sai confirmatio, wato hujjojinka, da confutatio, wato rushe na abokin hamayya, a rufe da conclusio.

A kan divisio ne za mu tsinci kakan wa'azinmu mai kawuna uku. Marubucin ya ce kada abubuwan da za a lissafa su wuce uku. Dalilansa ba na ruhaniya ba ne ko kaɗan. Yana gudun kada lauya ya yi alkawarin biyar ya manta ya kawo huɗu, yana kuma gudun kada masu shari'a su ga abin ya cika shiri su soma zargin dabara. Bayan kimanin shekara 180, Kwintiliyan, mutumin ƙasar Sifen da ya zama babban malamin balaga a Roma, ya ƙi yarda da wannan doka. A littafinsa Institutio Oratoria, mai kashi 12, wanda ya gama wajen shekara ta 95 bayan haihuwar Almasihu, ya ce gaskiya ne yawan rarrabawa yana rikita mai sauraro, amma ba za a ɗaure ƙara da lamba ba, tun da wata ƙarar tana bukatar fiye da uku.

Inda ake ajiye dokar littafi

Marubucin Ad Herennium ɗin nan da ya jera sassa shida, shi ne kuma ya ce akwai lokacin da za a ajiye su. In wanda ya riga ka magana ya gajiyar da jama'a, kada ka ɗora musu doguwar shimfiɗa, fara da abin da zai ba su dariya ko da hujjarka mafi ƙarfi. In sun riga sun yarda da maganar abokin hamayyarka, ko kuwa abin da kake karewa abin ƙyama ne a wurinsu, kada ka shiga ta ƙofar gida, zagaya ta baya a hankali. Kwintiliyan ya ce wannan irin tsari shi ne mafi ƙarfi duka, kuma ba a iya yanke shi sai an ga ƙarar ido da ido. Ya kwatanta shi da aikin sarkin yaƙi mai raba mayaƙansa bisa ga filin da ya tarar. A wani wurin kuma ya ce tulin duwatsu da katako ba gida ba ne sai magini ya sa hannu.

Sisero kansa ya nuna misali a shekara ta 63 kafin haihuwar Almasihu. Wani ɗan majalisa mai suna Katilina yana ƙulla juyin mulki, ya kuma yi ƙarfin halin zuwa zaman majalisar. Sisero bai yi gaisuwa ba, bai yi shimfiɗa ba, da jerin tambayoyi ya auka masa tun daga kalmar farko. Shimfiɗa domin ɗumama masu sauraro ake yin ta, su kuwa sun riga sun tafasa.

Akwai kuma batun hujjoji masu ƙarfi da masu rauni. Shawarar malaman ita ce a sa masu ƙarfi a farko da ƙarshe, a cusa matsakaita a tsakiya. Sun samo hoton daga tsohuwar waƙar yaƙi ta Homa, inda wani dattijon jarumi, Nesta, ya sa masu karusai a gaba, jarumawan ƙasa a baya, matsorata a tsaka domin su rasa hanyar gudu. (Kada ɗalibin tarihin ikilisiya ya haɗa shi da Nestoriyas na taron Afisa na shekara ta 431, ba su da dangantaka.) Wanda ya fi kowa cin moriyar wannan dabara shi ne Dimostinis na Atina, a shekara ta 330 kafin haihuwar Almasihu. An ba da shawara a saka masa da kambin zinariya saboda hidimar da ya yi wa gari, sai abokin gabarsa Iskinis ya kai ƙara cewa shawarar ta keta doka. Ta fuskar doka Iskinis yana da abin riƙewa, shi ya sa ya roƙi masu shari'a su tilasta a amsa tuhumar bi da bi yadda ya jera ta. Dimostinis ya ƙi. Ya soma da tarihin hidimarsa, ya ratsa batun doka a gurguje a tsakiya, ya koma kan hidimarsa da martabar Atina har ƙarshe. Iskinis bai sami ko kashi ɗaya cikin biyar na ƙuri'u ba, ya bar garin.

A nan ne mai bi zai ɗan ja da baya, kuma yana da gaskiya. Tsarin da ke taimakon mai sauraro ya gane, shi ne kuma ake iya rufe masa ido da shi. A ganina abin da ya dace da lauya ba duka ne ya dace da bagadi ba. Sisero ma, wanda ba mai bi ba ne, ya ce matsakaitan hujjoji ne ake sa wa a tsakiya, amma gurɓatacciya ba ta da wuri ko'ina. Mai wa'azin da ya san cewa ayar da ya jawo ba ta faɗi abin da yake so ta faɗa ba, bai kamata ya ɓoye ta tsakanin ayoyi biyu masu ƙarfi ba. Ya cire ta.

Yawon kalmar cikin harsuna

Tun a Roma kalmar ta fita daga kotu. Bitrubiyas, wanda ya rubuta littafin gine-gine a zamanin Kaisar Augustas, ya kira zanen gini dispositio, ya kuma raba shi uku: zanen harsashi, zanen fuskar gini, da zanen da ke nuna yadda ido zai gan shi. A 1739 wani Bajamushe masanin kiɗa, Johann Mattheson, ya ɗauki sassa shidan nan na lauyoyi ya ce haka ya kamata a tsara kiɗa.

Da Latin ta haifi 'ya'yanta, kowanne ya ja kalmar ta nasa gefe. A Faransanci da Sifaniyanci tana nufin tanadin doka, wato abin da sashe kaza ya shimfiɗa, tana kuma cikin maganar ladabi ta cewa ina hannunka, yi yadda ka ga dama da ni. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka taɓa shiga kotu sun san dispositif, wato ƙarshen takardar hukunci inda alƙali ya yanke magana bayan ya gama kawo dalilai. A makarantun Jamus da Suwidin, ƙashin bayan da ɗalibi yake zanawa kafin ya rubuta insha'i har yanzu Disposition ake ce masa, wannan ne ya fi kusa da ma'anar Sisero. Jamusawa kuma suna kiran jerin muryoyin da aka gina wa babban ogan na coci da wannan suna, har ma bashin da banki yake yarje wa mutum ya ci fiye da abin da ke asusunsa suna ce masa Dispo.

Turancin Ingilishi ne ya fi yin nisa da ita. A can disposition yawanci hali ne, mai fara'a ko mai saurin fushi. Hanyar da aka bi ba ta da wuyar ganewa: masanan tsakiyar zamani sun ɗauka cewa lafiyar mutum da halinsa sun danganta da yadda abubuwan da ke cikinsa suka tsaru. Wannan sauyin ma'ana yakan sa mai karanta tsohuwar fassarar Sarki Yakubu ta 1611 tuntuɓe a Ayyukan Manzanni 7:53. Masu fassarar sun bi Littafi Mai Tsarki na Latin suka sa disposition a wurin, sai mai karatu na yau ya zaci Istifanas yana maganar halin mala'iku ne, alhali maganar ba da Shari'a ta hannunsu yake yi. Kalmar Helenancin da ke wurin 'yar'uwar taxis ce. Abin dariya kuma, daga wannan saiwa Turawa suka samo kalmarsu ta zubar da shara. Amma in an duba ba ta ɓata hanya ba, domin mai tsarawa dole ya san abin da zai yar.

Larabawa ba su ari kalmar ba, suna da nasu. Akwai tartib, wadda ta shigo mana ta zama tartibi. Akwai kuma nazm, asalinta shirya duwatsun ado a zare, wadda Abdulƙahir al-Jurjani, malamin balaga na ƙarni na 11, ya gina koyarwarsa a kanta: daɗin magana ba a cikin kalmomi ɗai ɗai yake ba, a cikin yadda aka haɗa su yake, wanne aka gabatar, wanne aka jinkirta. Mu kuwa muna da jeri, da shiri, da tsari. In da za a tambaye ni, tsari ne ya fi dacewa da dispositio. Amma hoton da ya fi burge ni shi ne na matan da ke yi wa amarya jere. Kayan ɗaya ne ko wa ya jera, duk da haka sai an nemo gwanaye, domin su ne suka san inda idon mai shigowa zai fara sauka. Haka kuma wanda aka aika ya kai labarin rasuwa ba ya faɗa daga bakin ƙofa. Sai ya gaisa, ya nemi babba a gidan, ya ce jikin wane ya tsananta, sa'an nan ya sauke. Bai taɓa jin sunan Kwintiliyan ba.

Yadda ta shiga ikilisiya

A Littafi Mai Tsarki na Latin, aikatau ɗin kalmar ne Ishaya ya faɗa wa Sarki Hezekiya sa'ad da ya ce masa ya kintsa gidansa (Ishaya 38:1), shi ne kuma ke Luka 22:29 inda Ubangiji yake ba almajirai mulki. Tartuliyan na Kartaj, a farkon ƙarni na 3, ya yi amfani da dispositio yana bayyana Triniti, domin ya nuna cewa tsari a cikin Allahntaka ba rarrabuwa ba ne. Agustin, wanda kafin baftismarsa a 387 sana'arsa ke nan koyar da balaga a Kartaj da Roma da Milan, ya bayyana oda a littafinsa na Birnin Allah da cewa ita ce dispositio da ke ba kowane abu wurinsa, manya da ƙanana. A kan wannan ya gina bayaninsa na salama.

Wa'azin Agustin kansa bin nassi yake yi aya bayan aya. Sai a ƙarni na 13, da jami'o'in Faris da Oksfod suka kafu, aka soma sabon salo: a ɗauki aya guda, a fasa ta kashi kashi, kowane kashi a goya masa wasu ayoyi. A 1322 wani Bature ɗan Ingila, Robert na Basevorn, ya rubuta littafin koyar da wannan salo, ya kuma yi ƙoƙarin faɗin dalilin da ya sa uku ta zama al'ada. Ya ce ko don girmama Triniti ne, ko don igiya riɓi uku da Mai Hadishi ya ambata, ko don haka Barnad na Kilabo yakan yi. Amma shi a nasa zato, uku ne suka fi dacewa da tsawon lokacin wa'azi. Mutumin ya faɗi gaskiya.

Zamanin Gyaran Ikilisiya ya juya kalmar wata fuska. Filibus Melankton, abokin aikin Luta, wanda ya zama malamin Helenanci a Witinbag a 1518 yana da shekara 21, ya buga wani ɗan littafi a 1529 wanda sunansa ya soma da Dispositio, a kan Wasiƙar Romawa. Abin da yake cewa shi ne, wasiƙar jawabi guda ne mai jigo guda, kuma ba za ka gane aya ba sai ka san aikin da take yi a wurin da Bulus ya ajiye ta. Shekara 22 bayan haka, a 1551, Robert Estienne ya buga Sabon Alkawari da lambobin ayoyi. Lambobin sun taimaka ƙwarai wajen neman wuri, amma sun sauƙaƙa tsintar aya a rabe da 'yan'uwanta, abin da Melankton yake yaƙa ke nan.

Daga nan sai aka soma sayar da tsari a shirye. Charles Simeon na Kambirij, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar mishan ta CMS a 1799, ya buga ƙasusuwan wa'azi fiye da 2,500 cikin littattafai 21. John Broadus, malamin Baftis a Amurka, ya fitar da littafinsa na shirya wa'azi a 1870, wanda ya jingina sosai ga Aristotal da Sisero da Kwintiliyan, kuma an yi shekaru da dama ana karantar da shi. Da irin wannan horo 'yan mishan suka zo suka buɗe makarantunmu. Sai a 1971 Fred Craddock ya tayar da ƙura a Amurka, yana tambaya don me kullum za a faɗi amsa tun a gabatarwa sa'an nan a sa ran mutane su zauna su saurari sauran.

Abin da nassi kansa yake yi

A 1979 Hans Dieter Betz ya buga sharhin Galatiyawa inda ya raba wasiƙar bisa ga sassan lauyoyin Roma. Wasu masana sun yarda, wasu sun ce ya matsa wa Bulus rigar da ba tasa ba. Ba sai mun raba wannan gardama ba kafin mu ga abin da ke a fili.

Duba Ayyukan Manzanni 24. Tartulus lauya ne na haya, ya kuma bi littafi: aya uku yana zuba wa gwamna Filikus kirari a kan zaman lafiya, mutumin da marubucin tarihi Tasitas ya shaida shi da zalunci. Da ya zo wurin hujja, sai ya ce gwamna ya bincika da kansa. Shimfiɗa ta fi ɗaki girma. Bulus kuwa aya guda ya yi ta shimfiɗa, abin da ya faɗa a ciki kuma gaskiya ne, cewa Filikus ya daɗe yana shari'a a ƙasar. Nan da nan ya shiga lissafin kwana 12 da kowa zai iya bincikawa.

Annabawan Isra'ila sun riga Sirakusa da ɗaruruwan shekaru. Amos mutumin Yahuza ne da aka aika arewa, wurin da ba a son jin bakinsa. Bai fara da Isra'ila ba. Ya fara da Dimashƙu, sai Gaza, Taya, Edom, Ammon, Mowab, duk maƙwabtan da masu sauraronsa za su so a hukunta. Na bakwai ita ce Yahuza, kishiyarsu. Mai sauraro zai ce magana ta cika. Sai ga ta takwas, kuma ta fi sauran tsawo. Sun riga sun amince sau bakwai cewa Allah yana hukunta zalunci, ba su da bakin musu. Natan ma haka ya yi wa Dawuda a 2 Sama'ila 12. Da ya shiga fada ya fara da sunan Uriya, da wuya a bar shi ya kai aya. Ya fara da 'yar tunkiyar matalauci, ya bar sarki ya yanke hukunci da bakinsa, sa'an nan ya gaya masa ko wane ne.

Amma fa kada a ɗauka tsari laya ce. A Ayyukan Manzanni 22 Bulus ya tsaya a kan matakala gaban taron da ke neman ransa. Ya yi musu magana da harshensu, ya ambaci Gamaliyal, ya tuna musu yadda shi ma ya tsananta wa masu bi, ya nuna cewa Hananiya mai kiyaye Shari'a ne. Suka yi tsit har aya ta 21. Da ya ambaci aikensa ga Al'ummai, wuri ya yamutse. A Atina ma sun saurare shi har ya kai kan tashin matattu, daga nan wasu suka soma ba'a. Tsari ya saya masa kunne na ɗan lokaci. Bai hana shi faɗin abin da ba a so ba, ya jinkirta shi ne kawai.

Wanda yake so ya ga aikin a ƙaramin wuri, ya karanta Filimon, aya 25 ce kacal. Bulus yana so maigida ya karɓi bawansa da ya rabu da shi, abin da doka da al'adar Roma ba su tilasta masa ba. Bai aika wa Filimon shi kaɗai ba, ya haɗa da Afiya da Arkifas da ikilisiyar da ke taruwa a gidansa, ke nan a gaban jama'a za a karanta. Ya yi godiya saboda yadda Filimon yake sanyaya zukatan tsarkaka. Ya ce yana da ikon umarta amma ya zaɓi roƙo, ya ambaci tsufansa da sarƙarsa. Sunan Unisimas bai fito ba sai a aya ta 10, a Helenanci ma shi ne kalmar ƙarshe a ayar, bayan Bulus ya riga ya kira shi ɗansa. Ainihin roƙon yana aya ta 17. Batun kuɗi ya biyo baya, Bulus ya ɗauki bashin a kansa, ya kuma tuna wa Filimon nasa bashin. Sa'an nan a aya ta 22, kamar wanda ya tuna da wani ƙaramin abu, ya ce a shirya masa masauki, yana sa ran zuwa.